Shara a Birnin Kano: Tambayoyin da Jama'a Ke Yawan Yi da Amsoshinsu

Duk wanda ke zirga-zirga a Kano ya san wuraren da sai ya toshe hanci kafin ya wuce. Maganar shara kuwa ba ta ƙarewa a majalisu da gidajen rediyo: wasu su ɗora wa gwamnati laifi, wasu su ce mutanen gari ne ba su da tsafta. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, da abin da ya kamata a sani a kan kowace.

Wai shara nawa ne birnin ke fitarwa a rana?

Lissafin ba shi da wuya. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kowane mutum na fitar da kimanin kilo 0.46 na shara a rana, wato kusan rabin kilo. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce mazauna birnin Kano sun haura miliyan huɗu. In ka haɗa biyun, za ka sami tan 2,000 ko kusa da haka a kowace rana, har ranar Juma'a da ranar Sallah. In a ce kowace tifa na ɗaukar tan 10, ana bukatar sawu 200 ke nan kullum kafin a ce an kwashe ta yau kaɗai, ban da wadda ta kwana. Wannan lissafin bai ma kula da cewa Kano gari ne na kasuwa ba. Kwari, Singa, Sabon Gari, Dawanau, 'Yankaba da 'Yan Lemo suna tara baƙin da ba a nan suke kwana ba, amma a nan suke barin kwali da leda da ɓawo.

Aikin wa ne kwashe ta, jiha ko ƙaramar hukuma?

A takarda, na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa zubar da shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sai dai birnin Kano ya bazu a ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma shara ba ta san iyaka ba. Ledar da aka yar a Gwale, ruwa na iya kai ta Fagge. Shi ya sa jiha ta kafa hukumar kwashe shara ta REMASAB a 2003, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. Gwamnatin tarayya kuma tana da hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, amma aikinta kafa ƙa'idoji ne da sa ido. Ba ta da tifa a unguwarku.

Illar wannan rabo ita ce akwai wuraren da kowa ke ganin na ɗan'uwansa ne. Manyan tituna suna da mai kula da su, don a nan idon manya yake. Cikin unguwa kuwa, musamman sabbin unguwannin awon igiya da ke gefen gari, nan ne ake barin jaki ana dukan taiki.

Iyayenmu suna cewa a da ba a ganin tsibin shara haka. Me ya canza?

Gaskiya suka faɗa, kuma ba don mutanen da sun fi mu son tsafta kaɗai ba ne. Sharar ce ta canza.

Sharar gidan Bakano a da toka ce, da ƙasar da aka share a tsakar gida, da kashin awaki da tumaki, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ƙunso alala ko goro. Duk abin da ke cikinta mai ruɓewa ne, saboda haka tana da masu so. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da birni sukan shigo da jakuna ɗauke da itace ko kara, su koma da mangala cike da taki. Da wannan takin ne gonakin kewayen Kano suka daɗe ana noma su shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, abin da masana harkar noma daga ƙasashen waje suka zo suka yi ta nazari a kai. Birni na ci daga ƙauye, ƙauye na ci daga bolar birni, ba tare da wata hukuma ta sayi mota ko ɗaya ba.

Sai leda ta shigo. Mai kayan miya ya sa maka tumatir a baƙar leda, attaruhu a wata, ya haɗa su a ta uku. Ruwan leda ya maye gurbin randa da moɗa a kasuwa. Ga kunzugun yara na zamani, ga robar abincin biki, ga fasassun kwalabe da batir. Har yanzu manoma na karɓar sharar birni, da rani za ka ga an jibge ta tsibi-tsibi a gonaki, amma sai sun sha wahalar tsince ta ko sun cinna mata wuta, kuma bayan an baje ta gonar takan koma fari da baƙi da leda. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana gyaran tumbin saniyar da ta yi kiwo a cikin gari ya ga dunƙulen ledar da ake zarowa, wani har ya fi kan mutum girma.

Abu na biyu da ya canza shi ne nisa. Gonakin da jaki ke kai wa taki cikin sa'a guda yanzu gidaje ne. A ƙidayar 2006 an sami mutum miliyan 9.4 a jihar, kuma tun daga lokacin birnin bai daina cin ƙauyukan gefensa ba.

Mu motar shara ba ta taɓa shigowa lungunmu ba. Yaya ake so mu yi?

Ba za ta taɓa shigowa ba, Hajiya, kuma gara a daina jiran ta. Lungunan cikin Birni an yi su ne tun ana tafiya a ƙasa da kan jaki. Akwai inda babur biyu ba sa giftawa. Abin da ke aiki a irin waɗannan wurare shi ne mataki biyu: ƙaramin abin ɗauka, kura ko baro ko babur mai ƙafa uku, ya bi gida-gida, ya kai wani mazubi a bakin titi, babbar mota kuma ta ɗauke daga can a ranakun da kowa ya sani.

Rabin farko na wannan tsari yana nan tuni, ba kuma wanda ya tsara shi. Uwargida ta ba almajiri ko yaron gida ɗan canji ya fitar da kwandon shara, ko mai kura ya zagayo a biya shi. Matsalar ita ce yaron ba a gaya masa inda zai kai ba, in ma an gaya masa wurin da nisa, kwandon kuma da nauyi. Ya waiga bai ga kowa ba, sai ya juye a kwata ko a kangon da ke bayan layi. Ba muguntar yaro ba ce. In mazubi ya yi nisa, lambatu mafi kusa ne zai zama mazubi.

An kwashe bolar unguwarmu da katafila, bayan 'yan kwanaki ta dawo. Ina amfanin?

Wannan shi ne bambancin kwasar gangami da kwasar yau da kullum. Sabuwar gwamnati ta hau, ko wani babban baƙo zai zo, sai a fito da katafila da tifofi a yi kwana da kwanaki ana kwasa, a ɗauki hoto. Aiki ne mai kyau, amma tan 2,000 ɗin gobe suna nan tafe.

Abin da ke cin kuɗi a harkar shara sufuri ne: man dizal, taya, kayan gyara, albashin direba da 'yan lodi. Motar da za ta ɗauko daga Kurna ta ratsa cunkoso zuwa bayan gari ta dawo, sawu nawa za ta yi kafin magariba? Shi ya sa biranen da suka ci gaba a wannan fanni suke gina tashoshin juye shara a tsakiya: ƙananan motoci su kawo, a loda wa babbar tirela ta yi doguwar tafiyar sau ɗaya, galibi da dare.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi wajen sayen motoci. Motar nan mai matse shara an ƙera ta ne don sharar Turai, wadda yawancinta takarda ce da kwali, mara nauyi mai cika wuri. Tamu cike take da ƙasa da toka, da damina kuma jiƙaƙƙiya. Babu abin matsewa a ciki, sai dai yashin ya cinye injin, kayan gyaran kuma sai an yi oda. Tifa ta gari wadda kowane bakanike a Ƙofar Ruwa zai iya kwancewa ya ɗaura ta fi daɗewa tana aiki. Ba ta dai yi kyau a hoton ƙaddamarwa.

In an kwashe, ina ake kai ta?

Juji. Shekaru da yawa ana jibgewa a wurare irin su Kotu Rod, Mai Malari a Bompai da wajen Sansanin Alhazai, yawancinsu tsofaffin ramuka ne da aka haƙi ƙasa. Lokacin da aka fara zubawa a bayan gari suke. Yanzu gari ya zagaye su. Haka kududdufan cikin Birni, waɗanda asalinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, kuma su ne ke shanye ruwan sama: an yi ta cike su da shara har suka zama filaye, aka yanka aka gina. Ruwan da suke riƙewa a da yanzu ɗakunan mutane yake nema.

Juji daban, ma'ajiyar shara ta zamani daban. A ta zamani ana shimfiɗa yumɓu da kauri ko roba ta musamman a ƙasan ramin don kada baƙin ruwan da ke tsatsowa daga shara ya gangara cikin rijiyoyi da burtsatse. Ana auna kowace mota a sikeli, a danne sharar, a rufe ta da ƙasa kullum, a kuma sa bututun fitar da iskar gas da ruɓewa ke haifarwa, wadda ita ce ke sa juji ya kama da wuta shi kaɗai ya yi ta hayaƙi wata da watanni. Tsibin shara in ya yi tsawo yana iya zaftarewa. A watan Maris na 2017 jujin Koshe a Addis Ababa ya rufta kan gidajen da ke gindinsa, mutum fiye da 100 suka rasu. A Agustan 2024 irin haka ta faru a Kiteezi da ke Kampala. Garin da ke girma kamar Kano, yau ya kamata ya killace filin da zai yi amfani da shi nan da shekara ashirin, tun kafin dillalan filaye su riga shi.

To in na ƙona tawa a ƙofar gida fa? Ai na rage wa hukuma aiki.

Ka rage mata, ka ƙara wa asibiti. Busasshen ganye da kara ba su da wata matsala babba. Amma leda, roba, soso da tsohuwar taya in suna ci da ƙaramar wuta suna fitar da guba mai shiga huhu, wasu sinadaran ma an tabbatar suna jawo ciwon daji. Da hunturu abin ya fi muni, don hayaƙin ba ya tashi sama, sai ya kwanta a unguwa tare da ƙura. Masu asma, jarirai da tsofaffi su ke fara biya. Ga kuma gobara, lokacin da iska ke kaɗawa kowane abu ya bushe.

Mutane na zuba shara a kwata in an fara ruwa, wai ruwa zai tafi da ita. Ina take zuwa?

Ba ta zuwa ko'ina mai nisa. Takan tsaya a kwalbati na farko da ta tarar, ta toshe shi, ruwan ya hau titi ya shiga shaguna. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, kowa na ganin sakamakon. Wadda ta samu ta wuce kuma ta faɗa Jakara, ta bi ta gefen lambunan da ake noman latas da alayyahon da za a dawo da su kasuwa, ta nufi dam ɗin Wasai. Kwatar da ta toshe kuma gidan sauro ce, in ta haɗu da masai da ya cika ta malala kusa da rijiya, amai da gudawa ke biyo baya. Bola a jikin gida tana tara ɓeraye, su kuwa su ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Me zai sa in biya kuɗin shara bayan ina biyan haraji?

Tambaya ce mai kyau, amma a duba: yawancin gidaje suna biya tuni. Abin da ake ba almajiri ko mai kura kullum, in aka tara na wata, kuɗi ne na sosai. Bambancin kawai shi ne wannan kuɗin yana kai shara ƙarshen layi ne, ba ya kai ta bayan gari.

A ganina, daidai ne mai otal, mai masana'anta, mai babban kanti da mazauna unguwannin masu hali su biya cikakken kuɗin kwasar sharar su, a yi amfani da kuɗin gwamnati wajen tallafa wa unguwannin talakawa. Sharaɗin shi ne aiki ya riga karɓar kuɗi. Bakano ba ya ƙin biyan abin da yake gani da idonsa; yana biyan mai ruwa, yana biyan 'yan sintiri. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne rasit ba mota.

Ba gara a miƙa wa kamfani ba kawai?

An gwada. A 2021 gwamnatin jiha ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa, shara ta taru a tituna, jama'a suka yi ta ƙorafi, a 2022 aka soke yarjejeniyar, aiki ya koma hannun hukuma. Wannan bai nuna cewa 'yan kasuwa ba za su iya ba. Legas ta daɗe tana raba unguwanni ga ƙananan kamfanoni masu yawa ƙarƙashin kulawar hukumar sharar jihar, LAWMA, kowa da yankinsa, kuma a Kano ma akwai masu kwasa a unguwanni irin su Nasarawa GRA bisa biyan wata-wata. Darasin shi ne kada a ɗora gari guda a wuyan kamfani ɗaya, kuma a biya ɗan kwangila bisa nauyin abin da ya kai juji, ba bisa abin da ya rubuta a takarda ba. Wannan kuwa sai da sikeli a ƙofar juji da ma'aikacin da ba a saye shi.

'Yan gwangwan da 'yan jari-bola: taimako suke yi ko ɓarna?

Su ne ƙashin bayan sake sarrafa shara a garin a aikace. Yaron da ke yawo da buhu da maganaɗisu ɗaure a sanda yana tsintar ƙarfe, gwangwani, tagulla, roba da tsofaffin silifa, ya kai wa mai sikeli, shi kuma ya tara ya sayar wa dila. Ƙarfe ya tafi kamfanonin narka rodi, alminiyum ya koma tukunya a hannun maƙera, roba a niƙa ta a Sharaɗa ko Dakata ta dawo buta da bokiti. Gorar ruwa ma ba ta kwana a bola, masu zoɓo da kunun aya na jira, ko da yake wankin da ake yi mata abin dubawa ne. Duk kilon da suka ɗauke, kilo ne da gwamnati ba ta sayi dizal ta ɗauka ba.

Ɓarnar ma gaskiya ce. Akwai ɓata-garin da ke fakewa da sana'ar suna cire murfin kwalbati, wayar lantarki da ƙofofin kangaye. Akwai kuma ƙananan yara da ke tona bola da hannu ba safa ba takalmi, cikin allurai da fasassun kwalabe, a lokacin da ya kamata suna makaranta. Korar su gaba ɗaya ba ita ce mafita ba. Abin da ya fi shi ne rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, katin shaida, da kama dilan da ya sayi kayan gwamnati, domin ɓarawon murfin kwalbati ba zai sata ba in ba shi da mai saye.

Tsaftar ƙarshen wata tana da wani amfani kuwa?

Tana da shi, in mota ta biyo baya. Al'adar ta samo asali ne daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja a 1984, kuma a Kano har yanzu ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, da kotun tafi-da-gidanka ga masu karya doka. Matasan unguwa su fito da shebur da manjagara su yashe kwata, su tara baƙin taɓo a gefen titi. In aka bar shi a wurin, awaki su baje, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wasu kuma, a faɗi gaskiya, ranar ramuwar barci ce a wurinsu. Awa uku a wata ba za su maye gurbin duba-garin da ke shiga gida-gida a da ba, wanda jin an ce yana tafe kaɗai kan sa a wanke randa.

Me zai hana a haramta leda?

Ruwanda ta haramta a 2008, Kenya a 2017, Legas kuma ta hana robar abinci ta soso a farkon 2024. Ana iya yi. Amma a Kano a tuna abu biyu: dubban mutane na cin abinci a masana'antun leda da roba, kuma ruwan leda shi ne ruwan shan jama'a da yawa saboda famfo ba ya zuwa. Matakin da ya fi sauƙi shi ne a fara da baƙar leda mara kauri da robar soso, a kuma sa kamfanonin ruwa da lemo su riƙa sayen ledarsu da gorunansu daga hannun masu tsinta. Abin da ke da farashi ba ya zama a kwata.

Ana cewa ana iya samar da lantarki daga shara. Me muke jira?

Habasha ta buɗe irin wannan tasha a Reppie a 2018, a gefen jujin Koshe. Tsada gare ta ƙwarai, kuma tana son shara busasshiya mai cin wuta. Ƙasa da toka ba sa ci. Ga Kano, yin taki daga sharar 'Yankaba da 'Yan Lemo da abbatuwa ya fi kusa da hannu, tunda sharar waɗannan wurare kusan duk mai ruɓewa ce, manoma masu saye kuma ga su a bakin gari.

Sharar asibiti da ta kemis fa?

Ba a haɗa ta da ta gida. Allura da reza suna shiga akwatin kwali na musamman mai ruwan ɗorawa, a ƙona su a injin ƙonawa mai tsananin zafi. Ƙananan asibitoci da masu kemis na unguwa su ne abin sa wa ido. A gida kuma, wanda ke yi wa kansa allurar ciwon suga ya tara alluran a gora mai kauri ya rufe, ya kai asibiti. Tsohon batirin mota ko na sola akwai dalma a cikinsa. A mayar wa masu saye, kada a bar yara su fasa.

Filin da ke kusa da gidana ya zama bola. Wa zan kai wa ƙara?

Fara da mai unguwa, ka tafi da maƙwabta biyu ko uku don kada abin ya zama rigimarka kai kaɗai. Shi zai nemo mai filin, domin kango ko fili mara katanga alhakin mai shi ne. Daga nan sai sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda jami'an duba-gari suke, su ne ke da ikon ba da takardar gargaɗi. Sannan a rubuta wa REMASAB a nemi mota, a ajiye kwafin takardar. Kafin ranar kwasa, ku zauna da masu kurar da ke aiki a layin ku amince da inda za a riƙa kaiwa, ku kuma shirya abin da za a yi da wurin a ranar da aka kwashe: katanga, ko dashen itatuwa, ko a ba wani mai sana'a aron wurin ya kafa rumfa. Allon "An hana zuba shara a nan" shi kaɗai, galibi a gindinsa ake fara zubawa.